Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarata a Hannun Mama

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a ranar da aka rantsar da mu bayan shekara biyar a Jami'ar Bayero, ranar da Inna ta cika unguwa da rabon alkaki da cincin. Sai dai takardar digiri ba ta ba ka ikon taɓa mara lafiya kai kaɗai. Hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista a Najeriya, wato MRTB, wadda aka kafa tun 1988, ba ta ba da cikakken lasisi sai ka yi shekara guda kana aiki a gaban manya. Neman gurbin ma wani karatu ne mai zaman kansa, amma ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. A farkon 2013 dai Allah ya nufa na samu a wani babban asibitin gwamnati a cikin Kano.

Wanda ya zauna a Kano a lokacin ya san halin da ake ciki. A watan Janairun shekarar aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja, ga shingayen jami'an tsaro ta ko'ina. Mu masu ƙafa ma sai mun yi sammako, balle wanda sai an ciccibo shi an tura a adaidaita. Wanda aka ba ƙarfe tara sai ka gan shi sha ɗaya, ya galabaita tun ba a fara ba.

Yadda ake horon shi ne a zagaya da kai sassa: na ƙashi da gaɓɓai, na yara, na mata masu juna biyu, na masu ciwon ƙirji, sai na jijiya da ƙwaƙwalwa. Kowannenmu sashen ƙashi yake so. Can mai ciwon baya zai kwanta, ka kunna masa jar fitila ta ɗumama wurin, ka manna masa wayoyin lantarki, ka nuna masa 'yan motsa jiki, ya tashi yana sa maka albarka. Sashen jijiya kuwa gudunsa ake yi. Nan ake kawo masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda lakarsu ta taɓu a hatsarin mota, da tsofaffi masu makyarkyata. Aiki ne na ɗagawa da juyawa, sai ka yi wata kana gumi ba ka ga abin nunawa ba. Kuma can Mama take.

Kowa Mama yake ce mata, tun daga shugaban sashe har masu shara. 'Yar Ayagi ce, kakanninta daga Ilorin suka zo, amma in ta buɗe baki da karin magana sai Bakano ya nemi wurin zama. A Jami'ar Ibadan ta yi karatu, inda aka fara karatun digirin wannan sana'a a 1966, ta dawo gida ta kama aiki a 1984, zamanin da barandar sashen ke cika maƙil da yara masu shan inna. Gajera ce, kullum cikin hijabi da takalmin kambas, da littafi mai baƙin bango a hammata. Ba ta da digiri na biyu, ba ta taɓa fita waje kwas ba, kuma waɗanda ta koya wa aiki da dama sun wuce ta a muƙami.

Ba ta barin sabon ɗalibi ya taɓa kowa a makonsa na farko. Kujera za ta ajiye maka a bakin ƙofa ta ce ka kalli yadda mutane ke shigowa. Wata rana wata baiwar Allah ta shigo tana jan ƙafa, Mama ta ce, "Ɗan nan, me ka gani?" Na ce tana ɗingishi. Ta ce, "Mai rake na bakin get ma ya ga wannan, kuma bai biya kuɗin makaranta ba." Sai ta sa matar ta koma ta sake tahowa. Ta nuna mini yadda tafin ƙafar ke faɗuwa ƙasa don naman da ke ɗaga shi ya yi rauni, yadda gwiwa ta ƙi lanƙwasa, yadda matar ke ɗage ƙugu ta wulwulo ƙafar ta gefe don kada yatsu su tokari ƙasa, da yadda ba ta yarda ta ɗora nauyinta a ƙafar ba sai a gurguje. Duk mun karanta wannan a aji, mun kuma ci jarrabawa a kansa. Amma a jikin mutum mai rai, cikin zani da hijabi, ranar na fara ganinsa.

Ina cikin wata na biyu a wurinta aka kawo Alaramma.

Gardawa ne suka shigo da shi a cikin bargo, kowa ya riƙe kusurwa, ga wasu a baya ɗauke da buzu da buta. Dattijo ne da ya haura sittin, yana da tsangaya a bayan gari ta hanyar Gezawa, kuma ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba. Bayan asuba yana cikin biya wa ɗalibai karatu sai alƙalami ya suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, ya kife ta dama. An yi kwanaki ana tofi da hayaƙi, wanzami ma ya zo ya yi ƙaho, kafin wani tsohon ɗalibinsa mai kemis ya auna jininsa ya ce maza a tafi asibiti. Ashe an daɗe da gaya masa yana da hawan jini, ya sha magani na ɗan lokaci, da ya ji garau sai ya ajiye. Wannan labarin na ji shi daga baki da yawa har na daina mamaki. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna gudan jini ne ya toshe jijiya a ɓangaren hagu. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane nan ma'ajiyar magana take, don haka Alaramma ya rasa hannun dama da ƙafar dama da harshe a lokaci guda. Akwai allurar da ke narkar da irin wannan gudan jini, amma sai an kai mutum cikin awa huɗu da rabi. Kusan duk wanda ya iso gare mu wannan ƙofar ta riga ta rufe masa. Abin da ya rage shi ne likita ya tsare jinin kada a sake, mu kuma mu kama abin da ya saura.

Da Mama ta matso kusa da gado sai babban gardin ya sha gabanta, cikin ladabi amma fuska a ɗaure, ya ce Malam mace ba ta taɓa shi. Na zaci za a yi rigima, don na san halinta. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ai dama yau ban zo da hannu ba, na ɗan nan zan ara." Ta rusuna ta ce, "Allah gafarta Malam, sannu da jiki. Ni baki ce kawai, ga mai aikin nan."

Haka aka yi har muka rabu da shi. Ni ne hannu, ita ce ido. Tana tsaye a bayana tana cewa, "Sassauta babban yatsanka, matsa shi kake yi. Sauko ƙasa kaɗan. Kada ka ja shi, jira shi, zai zo." Sharaɗin gardin nan da na ji haushinsa da farko shi ya zame mini makaranta, don abin da sauran ɗalibai ke kallo ana yi, ni da tafin hannuna na koye shi.

Abin da ta fara yi ba motsa jiki ba ne. Tara gardawa ta yi ta ce su nuna mata yadda suke tayar da shi zaune. Biyu suka kama hannayensa suka finciko. Ta ce su tsaya, ta sa na ɗora yatsa a kafaɗarsa ta dama, sai ga rami, yatsana ya shige tsakanin kan ƙashin hannu da kafaɗa. Naman da ke riƙe gaɓar ya saki, nauyin hannu da jan da ake yi sun sauko da ƙashin. Ciwon da ke biyo bayan wannan shi ke sa mutane da yawa su ƙi yarda a taɓa hannun har ya ƙage. Ta koya musu su tallafo ta bayan kafaɗa, su riƙa sa matashi a ƙarƙashin hannun, su juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Sai ta ga kwalbar rubutu a gefen gado. Ba ta ce a daina ba. Tambaya ta yi, a kwance ake ba shi ko a zaune? Suka ce a kwance. Yana tari in ya sha? Suka ce ƙwarai. Ta ce, "To rubutun nan huhu yake tafiya, ba ciki ba. Ku zaunar da shi sosai, kai a ɗan sunkuye, cokali-cokali. In ya ƙware ku dakata. Kunu mai kauri ya fi masa sauƙin haɗiya a kan ruwa." Ban taɓa jin ta yi wa wani gori a kan rubutu ko tofi ba. Abu biyu kawai take yaƙi da su, ajiye maganin hawan jini da ɗaure gaɓa a hana ta motsi.

Sannan ta yi tambayar da take yi wa kowa: me Malam yake so ya koma yi? Gardawa suka ce tafiya. Babban ɗansa ya ce rubutu. Uwargidansa tana can gefe a takure, sai da maza suka fita Mama ta zauna kusa da ita ta ce, "Yaya, ke kika san shi." Matar ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce duk ranar da yaro ya kai shi bayan gida ya yi masa tsarki, wuni yake yana hawaye, ba ya cin abinci. Mama ta buɗe baƙin littafinta ta rubuta a saman shafi: buta.

Duk tsarin aikinmu a kan wannan aka gina shi. Kafin mutum ya yi tsarki da kansa sai ya iya zama ba jingina, ya karkata gefe bai faɗi ba, ya miƙe, ya juya, ya sake zama. Muka sa kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kan masai, tunda tsuguno ba zai yiwu ba tukuna. A sashen kuwa Mama tana da wani kwando da 'yan sashen ƙashi ke yi wa dariya. A ciki akwai buta, ludayi, ƙwarya, muciya, carbi, kwaɗo da mukulli, tsohuwar riga mai maɓallai da 'yan sulalla. Cewa take ƙwaƙwalwa ba ta koyon ɗaga hannu haka siddan, abin da za ta yi da hannun take koyo. Mai tuƙa tuwo a ba ta muciya, mai kanti a ba shi canji ya ƙirga. Ga yadda take yi wa dangi bayani: babbar hanyar da saƙo ke bi ta yanke, kuma wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, amma akwai burtali a gefe. Burtali sawu ke fitar da shi, in an daina bi ciyawa ta cinye. Shi ya sa take matsa wa mutane a watanni ukun farko zuwa shida, lokacin da sauƙi ya fi saurin zuwa, kuma shi ya sa take cewa awa ɗayan da ake yi a asibiti somin-taɓi ne, aikin yana gida.

Maganarsa ita ta fi ba ni tausayi. Yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai "to, to". Mutumin da izu sittin ke kansa ya kasa cewa a ba shi ruwa. Wani lokaci sai ya fashe da kuka ba dalili, gardawa su fara kallon juna, Mama ta ce musu ba iska ba ce, ciwon ne ke sa haka. Ba mu da mai koyar da magana a asibitin, don haka wannan ma a kanmu ya faɗo. Rannan muna tsaka da aiki, wani ƙolo da aka zo da shi riƙon buta ya zauna a baranda yana biya allonsa da ƙarfi, sai ya tsallake aya. Daga kan gado muka ji murya ta ɗauko ayar tiryan-tiryan, da maddi da komai, ta kai ta ƙarshe. Babban gardin ya dafe kai yana kabbara. Mama ko gezau, ta ce abin da harshe ya maimaita shekara hamsin ba ma'ajiyarsu ɗaya da zancen yau da kullum ba, sau da yawa yakan tsira. Ta ba da umarni kullum a zo da yaron da allonsa.

Daga ranar agogonmu ya canza. In za a tsayar da Alaramma tsakanin ƙarafan dogarawa, ba ma cewa minti kaza. Yaro zai fara karatu, shi kuma ya tsaya har a kai ƙarshen sura. Da Ƙulhuwa muka fara, gwiwa tana rawa ina tokare da ita da tawa gwiwar. Muka kai Sabbi, muka kai Amma. Ranar da ya tsaya aka sauke Yasin bai nemi kujera ba, har 'yan sashen ƙashi sai da suka leƙo. Ta wannan hanyar maganar ma ta fara ɓullowa kaɗan-kaɗan, daga gyaran karatu zuwa sunan yaron, zuwa "ruwa", zuwa "ya isa".

Hannun ne ya yi gardama. Ƙafa takan riga hannu dawowa, kuma hannun da ya daɗe bai amsa ba mai shi yakan fid da rai, ya koma yin komai da mai lafiyar, har ƙwaƙwalwa ta saba da rashinsa. Mama ta taso ne a kan koyarwar Bobath, wato Berta da mijinta Karel, waɗanda suka gudo daga Jamus zuwa Landan zamanin Hitler suka fito da hanyar riƙe mai shanyewar jiki da bi da shi. Ita aka koya musu, ita ta yi shekaru tana yi. Amma ba ta mayar da ita addini ba. Duk ɗalibin da ya zo sai ta sa shi ya buga mata sabbin takardun bincike daga intanet, ta sa tabarau ta bi su da jan biro. A nan ta san aikin wani Ba'amurke, Edward Taub, wanda ya fara da gwaji a kan birai, ya gano in aka hana amfani da hannu mai lafiya, dole maras lafiyar ya koma aiki. A tsarinsa na asali awa shida ake yi kullum har mako biyu, hannu mai lafiya yana cikin safa kusan duk wuni, kuma ba a yi wa kowa sai wanda wuyan hannunsa da yatsunsa suka fara ɗan buɗewa. Awa shida ba mai ita a asibitin gwamnati. Sai ta yanka abin daidai jikinmu.

Da yatsun Alaramma suka fara motsi, ta kawo safar ƙafa sabuwa mai kauri ta ce a sa masa a hannun hagu na 'yan awanni da safe, a cire in zai kewaya ko zai yi alwala. Ɗansa ya ce wannan ai mugunta ce, hannu ɗaya ya rage masa a kuma ɗaure? Mama ta ce a tambayi mai hannun. Ta san abin da ta taka: tun da ciwon ya same shi ya ƙi cin abinci da hagu, sai dai a ba shi a baki. Ta ce, "Allah gafarta Malam, loma da dama muke nema." Ya dube ta, ya miƙo hagun da kansa.

Ranakun farko tuwo ya fi yawa a kan riga. Muka naɗe ƙotar cokali da tsumma ta yi kauri. Muka ba shi carbi mai manyan 'ya'ya yana ja da dama, ɗari bayan ɗari, wanda a lissafinmu maimaici ne, a nasa lissafin kuma istigfari. Daga nan ɗaukar sulalla, daga nan murɗa mukulli, sai alƙalamin kara da aka naɗe shi ma.

Ba zan ce muku ya koma kamar da ba. Lokacin da na bar sashen yana tafiya da sanda, da takalmin roba mai tallafe idon sawu da aka yi masa a asibitin ƙashi na Dala. Yana kewayawa shi kaɗai, yana cin tuwo da dama, yana salla a kujera, maganarsa gajera-gajera. Yana rubuta wa ƙolo manyan baƙaƙe a allo, amma siririn rubutun nan na takarda, da jan wasali, bai dawo ba. Mama ta gaya masa haka tun da wuri, ba ta yi masa alkawarin da ba nata ba. Ya koma zama a buzunsa yana sauraron hadda yana gyara, har Allah ya karɓi abinsa bayan wasu shekaru. Allah ya jiƙansa.

Tunda zancen ya zo nan, bari in tsallaka gaba kaɗan in ƙarasa muku labarin Mama, sai mu dawo.

A 2019 ta cika shekara 35 tana aiki, wato lokacin ritaya a dokar aikin gwamnati ta wancan lokaci. A shekarar ina cikin kwamitin wata ƙungiyarmu ta 'yan sana'a da aka ɗora wa shirya bikin ranar masu gashin ƙashi ta duniya, wadda ake yi duk 8 ga Satumba, ranar da aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya a 1951. Cikin shirin har da karrama wanda ya yi fice a fannin jijiya. Da aka kawo fom ɗin tantancewa na duba: digiri nawa, takardun bincike nawa aka buga, taro nawa aka halarta a waje, muƙami nawa aka riƙe. Na kawo sunan Mama. Wani babba a cikinmu, mutumin kirki ne kuwa, ya ce kowa yana ƙaunarta, amma in aka bi fom ko maki goma ba za ta samu ba, kuma karramawa ba sadaka ba ce.

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ba na cikin masu raina bincike. Ba don takardar da wani ya zauna ya rubuta a Amurka ba, da safa ba ta hau hannun Alaramma ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce abin da ke da sauƙin ƙirgawa shi kaɗai ne ƙwarewa. Na nemi a ba ni mako guda. Na je gidanta na ce ina son aron baƙaƙen littattafan nan. Ta ce na me? Na ce na wani aiki. Ta harare ni, ta sa jikanta ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.

Ni kaina ban san abin ya kai haka ba. Kowane majinyaci da shafinsa: ranar zuwa, ƙarfin kowace gaɓa daga 0 zuwa 5, abin da yake so ya koma yi da kalmar bakinsa, da inda aka kwana. A littattafan baya-baya har da ma'aunin Berg na daidaiton tsayuwa, mai gwaji 14 da maki 56, ta auna a farko ta auna a ƙarshe. Waɗanda suka daina zuwa ta rubuta dalili in ta sani: kuɗin mota, miji ya hana, an koma ƙauye, ya rasu. Waɗanda ba su samu sauƙi ba ma suna nan, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Na zube su a teburin kwamiti. Babban nan ya ɗauki ɗaya yana buɗawa, can sai ya yi shiru, ya ce wannan rubutun na gefe ai nasa ne, lokacin yana ɗalibi a wurinta, ga ma inda ta ja masa jan biro. Aka yi dariya. Da aka bincika, mutum biyu ne kawai a ɗakin ba su bi ta hannunta ba.

Na ɗauka in an gaya mata za ta yi ta noƙewa irin ta manya. Ina! Cewa ta yi, "Sai yanzu kuka ga dama? Da kun bari sai na mutu ku yi mini ta'aziyya da shi." Ta ɗinka sabon leshi, ta gayyato 'yan Ayagi mota guda, ta riga kowa zuwa zauren. Da aka miƙa mata allon karramawa ta ɗaga shi sama ta juya ko'ina a gani, sannan ta sa tabarau ta karanta, ta ce wa mai gabatarwa an rubuta sunan mahaifinta ba daidai ba, a gyara kafin ta rataye.

Jawabinta bai kai minti biyar ba. Ta ce lokacin da ta fara aiki shan inna ne ya cika baranda, ga shi yau rigakafi ya kusa kawar da shi, kuma ba hannun masu gashi ne ya yi wannan ba, ɗigon da ake sa wa yara a baki ne. Ta ce yanzu barandar ta cika da masu shanyewar jiki, har da 'yan shekara arba'in, kuma wannan ma maganinsa yana gaban sashenmu, a awon jini da rage gishiri da dunƙule da shan magani ba fashi. Ta roƙi manyan da ke wurin a riƙa tura masu gashi asibitocin ƙananan hukumomi, don mutumin Doguwa ko Tudun Wada ba zai iya ɗauko mahaifinsa zuwa birni duk mako ba, zuwa biyu zai yi ya haƙura. Ta ce littattafanta kuma duk mai son rubuta takarda da su ya zo ya ɗauka, amma ya dawo mata da akwatinta. Wasu ɗalibai biyu sun ɗauka kuwa. A shekarar da ta biyo muka sake fom ɗin, aka ƙara gurbin waɗanda mutum ya horar da na bayanan sakamakon majinyatansa.

To mu koma 2014. Na gama shekarata, Mama ta sa hannu a littafin horona ba tare da ta ce mini sannu ba, sai dai ta tura mini buta ɗaya daga kwandonta ta ce in fara tara nawa. Ba a jima ba takardar bautar ƙasa ta fito. Na buɗe a shagon intanet na ga jihar da aka tura ni, na karanta sau biyu, na rasa ta inda zan fara gaya wa Inna, wadda ko Kaduna na je sai ta kwana ba barci. Kuros Riba aka rubuta. Yadda muka kwashe da ita, da tafiyar da ta kai ni Kalaba a bayan buhunan albasa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.